Harshe da Hujja: Inganta Binciken 'Yan Sanda da Gurfanar da Masu Laifin Fyaɗe a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun ƙarar fyaɗe tun daga ranar da aka kai rahoto caji ofis har zuwa zauren Babbar Kotu a jihohin Arewacin Nijeriya. An dogara da tanade-tanaden kundin Final Kod, da Dokar Shaida ta 2011, da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, da wasu hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli. Maƙalar ta nuna cewa tsananta hukunci ya yi gaba ya bar bincike a baya, kuma raunin da ke kayar da ƙara a gaban alƙali tun a kwanakin farko ake haifar da shi. An fi mayar da hankali ga wani ɓangare da ba a cika waiwayarsa ba, wato harshen da ake ɗaukar bayani da shi, inda mai ƙara ke magana da Hausa cikin sakaya, ɗan sanda kuma yana rubutawa da Ingilishi.

1.0 Gabatarwa

A watan Yunin 2020, bayan kisan gillar da aka yi wa wata ɗalibar Jami'ar Benin da wasu 'yan mata a sassan ƙasar nan, Ƙungiyar Gwamnonin Nijeriya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. A cikin watan ne Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya bayyana cewa daga Janairu zuwa Mayun shekarar an kai rahoton fyaɗe 717, an kama mutum 799, an kuma kammala bincike aka miƙa ƙararraki 631 gaban kotu. A watan Satumba Gwamna Nasir El-Rufa'i ya sanya hannu a gyaran dokar Jihar Kaduna, wanda ya tanadi dandaƙa ta hanyar tiyata tare da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe.

Alƙaluman Sufeto Janar sun tsaya ne a bakin ƙofar kotu. A Arewa kuwa, idan aka ce an miƙa ƙara gaban kotu, galibi abin da ake nufi shi ne an karanta rahoton farko na 'yan sanda a gaban majistare, wanda a jihohi da dama ba shi da hurumin sauraron laifin, sai dai ya aika da wanda ake zargi gidan gyaran hali ya jira. Tsakanin wannan mataki da yanke hukunci akwai doguwar tafiya. Hukunci komai tsananinsa ba ya hawa kan kowa sai an tabbatar da laifi, tabbatar da laifi kuwa aikin ɗan sanda mai bincike ne da likita da lauyan gwamnati. Muddin aka ci gaba da ƙara nauyin hukunci ba tare da gyara wannan aiki ba, an bar jaki ke nan ana dukan taiki. Ana ma iya cewa tsananin hukuncin yana ƙara wa binciken nauyi, domin idan ran mutum ne a kan sikeli, danginsa za su ƙara matsa lamba a sasanta, alƙali kuma zai ƙara tsantseni kafin ya karɓi hujja.

2.0 Abin da Doka ke Neman a Tabbatar

Sashe na 282 na Final Kod, wanda Arewa ke aiki da shi tun 1960, ya bayyana fyaɗe a matsayin saduwar namiji da mace ba da son ranta ba, ko ba da amincewarta ba, ko da amincewar da aka samu ta hanyar tsoratarwa, ko ta hanyar sa ta zaci mijinta ne, ko kuma saduwa da wadda ba ta kai shekara 14 ba ko mai taɓin hankali, ko da ta amince. Sashen ya ƙara da cewa shigar gaban namiji kawai ta wadatar a kira abin saduwa. Wannan ita ce gaɓar da ƙararraki suka fi karyewa a kanta. Idan mai gabatar da ƙara ya kasa tabbatar da shigar, tuhumar takan gangaro zuwa sashe na 285, wato aikata alfasha, wanda hukuncinsa bai wuce shekara bakwai ba, ko kuma a sallami wanda ake tuhuma baki ɗaya.

Dokar Hana Cin Zarafin Mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ta faɗaɗa ma'anar. A ƙarƙashinta namiji ma ana iya yi masa fyaɗe, mace ma tana iya aikatawa, kuma shigar tana iya kasancewa ta gaba ko ta dubura ko ta baki, da wata gaɓa ta jiki ko da wani abu daban. Ta tanadi ɗaurin rai da rai, mafi ƙaranci shekara 12, ga taron dangi kuma mafi ƙaranci shekara 20, tare da diyya da rajistar sunayen waɗanda aka samu da laifi. Dokar ta Birnin Tarayya ce a asali, jihohi suka riƙa karɓarta ɗaya bayan ɗaya, da yawansu bayan 2020.

Akwai kuma kundayen hukunce-hukuncen Shari'ar Musulunci da jihohi 12 suka kafa, farawa daga Zamfara a shekarar 2000. A cikinsu an ajiye fyaɗe kusa da zina, aka ƙara wa mai laifin biyan sadakin misali. Haɗarin wannan kusanci ya bayyana tun da wuri a Tsafe, inda wata yarinya da ta yi ciki ta ce maza uku ne suka tilasta ta, mazan suka musa, ita kuma aka yi mata bulala 100 a watan Janairun 2001. Fiƙihun Malikiyya ya fi haka faɗi. Malaman mazhabar sun karɓi alamun tilas, kamar zuwan mace tana zubar da jini ko tana neman agaji, Alƙali Abubakar Ibnul Arabi kuma a cikin Ahkamul Ƙur'an ya sanya ƙwace mace da ƙarfi a babin fashi, ya ma ɗauke shi ya fi ƙwacen dukiya muni. Ga kuma ƙofar ta'aziri, wadda ke karɓar hujjojin da ba su kai na haddi ba. Saboda haka zaɓen kotun da za a kai ƙara, da sashen da za a tuhumi mutum a ƙarƙashinsa, shawara ce ta lauya masani, bai kamata a bar wa kofur ɗin da ke kan kanta ba.

Batun ƙarfafa shaida kuma ya daɗe yana rikita masu bincike. A shari'ar Iko da Gwamnati ta 2001, da ta Ogunbayo da Gwamnati ta 2007, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa babu dokar da ta hana a kama mutum da laifin fyaɗe bisa shaidar mai ƙara ita kaɗai, sai dai kotuna sun saba neman wata hujjar da za ta ƙarfafa ta. Inda doka ta wajabta hakan ƙarara shi ne shaidar yaro ɗan ƙasa da shekara 14, wanda sashe na 209 na Dokar Shaida ya ce ba a rantsar da shi, kuma ba a ɗaure mutum da shaidarsa sai da wata hujjar da ta danganta wanda ake tuhuma da laifin. Idan aka tuna binciken ƙasa na 2014 a kan cin zarafin yara, wanda ya gano cewa yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18, za a ga cewa wannan sharaɗi ya shafi kaso mai yawa na ƙararrakin.

3.0 Awa 72 na Farko

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Hujjar da jiki da tufafi ke ɗauke da ita gajeren rai gare ta. Maganin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau sai an fara shan sa cikin awa 72, maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa bai wuce awa 120 ba, samfurin maniyyi da na ƙwayoyin halitta kuwa gwargwadon jinkiri gwargwadon lalacewarsa. Abin da uwa ke fara yi idan 'yarta ta shigo gida a wannan hali shi ne ta wanke ta, ta gasa mata jiki da ruwan ɗumi da bagaruwa, ta wanke zanen da wandon ko ta ƙona su. Babbar mace kuma takan gaggauta yin wanka domin ta yi salla. Duk wannan tausayi ne da tsafta, babu mai ganin laifin uwar, amma kafin gari ya waye rabin hujjar ya bi ruwa. Daga nan sai a shafe kwana biyu ko uku ana kai-kawo tsakanin mazan gida da mai unguwa, kafin a yanke shawarar ko za a je caji ofis.

A caji ofis ma ba a tsira daga jinkiri ba. Sau da yawa akan ce sai an buɗe fayil, sai an samo takardar zuwa asibiti, sai an nemo kuɗin mota, kuma nauyin duka yakan faɗa kan iyayen yarinyar, waɗanda galibi talla ce ta fitar da 'yarsu tun farko. Gyara na farko a nan ba ya buƙatar sabuwar doka: a fara da asibiti, a ɗauki cikakken bayani daga baya. Cibiyoyin kula da waɗanda aka ci zarafinsu sun nuna cewa hakan mai yiwuwa ne. Cibiyar Mirabel ta buɗe a Legas a 2013, a Arewa kuma akwai Cibiyar Waraka a Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke Kano, da cibiyoyin Salama a Jihar Kaduna, da Cibiyar Nana Khadija a Sakkwato. A irin waɗannan wurare ana duba mai ƙara kyauta, a ba ta magani, a rubuta rahoto a kan fom ɗin da aka tsara domin kotu. Matsalar ita ce tazara. Yarinyar da ke ƙauyen Doguwa ko Tudun Wada ba ta isa birnin Kano cikin sauƙi, don haka sai an horar da aƙalla likita ɗaya da ma'aikaciyar jinya ɗaya a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma.

Rahoton likita shi kansa yana buƙatar gyara. Rahoton da bai wuce layi biyu ba, wanda ya ce tantanin budurci ya yage ko bai yage ba, ba ya taimakon kowa. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa gwajin budurci ba shi da tushe a kimiyya, kuma yanayin tantanin ba ya tabbatar da saduwa ko rashinta. Haka nan rashin rauni a jiki ba ya nufin an amince, domin wadda aka ɗora wa wuƙa a wuya ba ta kokawa. Aikin likita shi ne ya bayyana abin da ya gani, da wurinsa, da girmansa, da ƙiyasin daɗewarsa, ya kuma faɗi ko ya dace da labarin da aka ba shi. Tufafi a busar da su a zuba a jakar takarda, domin leda tana riƙe danshi ta ruɓar da samfuri, kuma duk hannun da kayan suka bi a rubuta suna da rana da lokaci. Gwajin ƙwayoyin halitta, wanda Jihar Legas ta buɗe masa cibiya a 2017, yana da amfani matuƙa idan ƙaramar yarinya ce, tunda amincewarta ba ta da tasiri a doka. Idan kuwa baliga ce, wanda ake zargi kuma ya ce da yardarta aka yi, gwajin ba ya raba gardama. A nan magana ce za ta yi aiki, wato bayanin da aka rubuta.

4.0 Harshen Bayani

Bayanin mai ƙara da na wanda ake zargi su ne ƙashin bayan fayil. A yawancin caji ofis na ƙasar Hausa, ana ba da bayanin da Hausa, ana rubuta shi kai tsaye da Ingilishi. Mai rubutun wataƙila Bahaushe ne da Ingilishinsa bai nuna ba, ko kuma baƙo ne da ya tsinci Hausar kasuwa da ta bariki. Ko wanne ne, fassara yake yi nan take, ba tare da horo ba, kuma asalin kalaman da aka furta sun ɓace ke nan har abada.

Kunya ta sa Bahaushe ba ya kiran wannan al'amari da sunansa. Uba zai ce an ɓata masa 'ya, ko an lalata ta, ko an keta mata haddi. Jarida za ta ce ya haike mata ko ya yi mata aika-aika. Yarinyar da kanta, a gaban maza baƙi masu kaki, wataƙila mahaifinta ma yana tsaye, abin da za ta iya furtawa bai wuce “ya yi min iskanci” ko “ya taɓa ni” ba. Duk Bahaushen da ya ji waɗannan ya fahimci abin da ake nufi, amma babu ɗaya daga cikinsu da ya tabbatar da shigar da sashe na 282 ke nema. Ɓatawa tana iya zama kawar da budurci, tana iya zama lalata tarbiyya. Iskanci ya haɗa tun daga maganar banza har zuwa aikin kansa. Taɓawa kuwa, idan aka juya ta zuwa Ingilishi kalma da kalma, ta koma shafa da hannu, wato tuhumar ta sauka daga ɗaurin rai da rai zuwa shekara bakwai tun kafin fayil ya bar kan tebur.

Nahawu ma yana da nasa tasirin. Akwai bambanci mai girma tsakanin “ya yi mata fyaɗe” da “ya yi lalata da ita”. A jimla ta farko, wakilin suna “mata” ya nuna wadda aikin ya faɗa wa. A ta biyu, harafin “da” yana ɗauke da ma'anar tarayya, kamar yadda yake a “ya yi ciniki da ita” ko “ya yi hira da ita”. Haka “ya kwana da ita” da “ya sadu da ita”. Masu magana sukan zaɓi siga ta biyu saboda ta fi sauƙin furtawa, ba don suna nufin an amince ba. Amma idan aka rubuta ta da Ingilishi a matsayin saduwa kawai, lauyan da ke kare wanda ake tuhuma ya sami abin da yake nema: ga bayaninta na farko, babu inda ta ce an tilasta ta. In ta zo kotu bayan shekara biyu ta faɗi tilas ɗin dalla-dalla, sai a ce ƙari ta yi.

Lokaci da shekaru su ma sukan zama tarko. Mai ƙara ta ce bayan la'asar ne, ranar kasuwar garinsu, cikin watan azumin tsofaffi. Ɗan sanda ya ƙiyasta ya rubuta ƙarfe huɗu na ranar kaza ga watan Bature. A kotu aka tambaye ta ƙarfe nawa, ta ce shida, sai a kira wannan saɓani. Da an rubuta abin da ta faɗa yadda ta faɗe shi, aka sanya ƙiyasin a gefe a matsayin na mai bincike, da babu saɓanin. Shekaru kuwa, tunda 14 ce iyakar da doka ta gindaya, bai isa a rubuta abin da aka gani da ido ba. A nemo takardar haihuwa, ko katin rigakafi, ko rajistar makaranta, in duk babu a ɗauki bayanin mahaifiya a kan lokacin haihuwar.

Ɓangaren wanda ake zargi ya fi wannan haɗari, domin doka ta fi tsaurara sharuɗɗa a kansa. Iƙirari ba ya zama hujja sai ya fito fili ba tare da harshen damo ba. Mutum ya ce “sharrin shaiɗan ne”, ko “tsautsayi ne”, ko “ƙaddara ce ta afka min”. A kunnen jama'a ya amsa laifi, a idon doka bai faɗi abin da ya aikata ba. Wani ya ce “na neme ta”, alhali nema a Hausa ya haɗa neman aure da neman banza da aikin kansa. Mai binciken da ya san aikinsa zai bi kowace irin wannan magana da tambaya: me ka yi, a ina, da me, ta ce me? Wanda bai sani ba sai ya cike giɓin da nasa Ingilishin, ya sa a dangwala yatsa. A kotu wanda ake tuhuma ya ce bai san abin da aka rubuta ba, kuma sau da yawa gaskiya ya faɗa.

Kotuna sun daɗe suna jan kunne a kan haka. Matsayinsu shi ne a rubuta bayani da harshen da aka yi shi gwargwadon iko, sannan a fassara, a gabatar da duka biyun. Idan kuma ta bakin tafinta aka ɗauka, dole tafintan ya zo ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ta zama ji-ta-ji-ta. A shari'ar Gwamnatin Tarayya da Usman ta 2012, wadda ta shafi fashi da makami, waɗanda ake tuhuma da Hausa suka yi bayani, ba a kira tafintan ba, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi amincewa da iƙirarin. Ƙa'idar ɗaya ce a shari'ar fyaɗe. Sashe na 17 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya tanadi tafinta ya rubuta, ya karanta wa mai bayanin, ya kuma sa hannu, sashe na 15 kuma ya buɗe ƙofar ɗaukar iƙirari a bidiyo. Kaduna ta kafa irin wannan doka a 2017, Kano a 2019. Wayar hannu ta yau ta isa ta ɗauki bidiyon, abin da ya rage shi ne a kiyaye sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida game da hujjar da ta fito daga na'ura.

Ana iya zaton Hausa ce ba ta da kalmomin da za su fayyace al'amarin. Wannan zato kuskure ne. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya ji yadda malamai ke fassara babin wanka a Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala ya san cewa akwai farji, da zakari, da dubura, da maniyyi, da maziyyi, da ɓuyan kan kaciya, kuma ana furta su a gaban dattawa ba tare da an ɗauke su batsa ba, bisa hujjar cewa babu kunya a sanin addini. Matan Islamiyya ma da su ake karantar da su. Wato harshen yana da rukunin kalmomi masu mutunci kuma masu fayyacewa, sai dai ba su ƙetara daga zaure zuwa caji ofis ba. Ga baligai, wannan rukuni ya isa a gina tsarin tambayoyi a kansa. Ga ƙananan yara kuwa hanyar daban ce: a bar yarinya ta yi amfani da kalmarta, ko “wajen fitsari” ta ce ko “abinsa”, a rubuta yadda ta faɗa, sannan a nemi ta nuna abin da take nufi a jikin zane ko 'yar tsana. Kada a sa mata magana a baki. Tambayar “sai me ya faru?” ta fi “ya danne ki, ko?” amfani nesa ba kusa ba, domin amsar ta biyu “e” ce kawai, kuma lauya zai ce mai tambayar ne ya ba da shaidar. A yi wannan a ɗaki na daban, mace ta yi tambayar idan da hali, a kuma yi sau ɗaya a naɗa, maimakon a sa yarinya ta maimaita labarin a gaban mai kanta, da baturen 'yan sanda, da sashen binciken manyan laifuka, kowanne da nasa rubutun da zai saɓa wa na baya.

5.0 Fayil a Kan Hanya

Bayan caji ofis, fayil yakan tafi hedikwatar 'yan sanda ta jiha, daga can zuwa Ma'aikatar Shari'a domin shawarar lauyoyin gwamnati, sannan a shigar da tuhuma a Babbar Kotu. Dokar 2015 ta ba Antoni Janar kwana 14 ya fitar da shawara bayan fayil ya iso hannunsa, ta kuma ce a riƙa sauraron shari'a kullum, in hakan ya faskara kada ɗage zama ya wuce sau biyar ga kowane ɓangare. A aikace watanni kan shuɗe. Kafin a kira shaidu, an yi wa ɗan sandan da ya yi bincike canjin wurin aiki, likitan da ya rubuta rahoto ɗan hidimar ƙasa ne ya gama ya tafi, yarinyar kuma wataƙila an aurar da ita wani gari, mijin bai san da zancen ba.

A cikin wannan jira ne sulhu ke samun ƙofa. Mai laifin galibi sananne ne, maƙwabci ko ɗan uwa ko mai shagon unguwa, sai manya su shiga tsakani da sunan rufin asiri, a biya kuɗin magani, iyaye su daina zuwa kotu. Sulhu abu ne mai daraja a rikicin gona da na aure da na bashi. Fyaɗe kuwa laifi ne da hukuma ke tuhuma, kuma sashe na 211 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 Antoni Janar na jiha ya ba ikon janye irin wannan tuhuma, bai ba uba ko mai unguwa ko ɗan sanda ba. Sai dai faɗin haka kawai ba ya hana komai. Uban da ya rufe shagonsa sau goma ya biya kuɗin mota zuwa birni, aka ce masa an ɗage, ba zai zo na sha ɗaya ba. Biyan kuɗin motar shaidu, da sanya ma'aikacin jin daɗin jama'a guda da zai riƙa bibiyar iyalin yana sanar da su halin da ake ciki, sun fi barazana tasiri. Masu unguwanni da Hisba, waɗanda su ake fara kai wa kuka, suna buƙatar umarni a rubuce daga masarautu da hukumominsu cewa aikinsu a nan rakiya ce zuwa asibiti da caji ofis a ranar.

Lauyan gwamnati kuma ya kamata ya ga fayil a makon farko, lokacin da za a iya komawa a gyara. Sashe na 66 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya tanadi a ajiye aƙalla ɗan sanda ɗaya mai shaidar aikin lauya a kowane babban caji ofis. Da an cika wannan tanadi, shi ne zai duba ko an tabbatar da shekaru, ko tafinta ya sa hannu, ko an ziyarci wurin da abin ya faru, ko an binciki iƙirarin wanda ake zargi na cewa yana wani wuri a lokacin. Wannan na ƙarshe kariya ce ga mara laifi, domin ƙazafi ma yana faruwa, kuma binciken kirki shi ne ke wanke wanda aka yi wa sharri tun kafin ya shafe shekaru yana jiran shari'a.

6.0 Zauren Kotu

Doka ta riga ta tanadi kariya ga mai ƙara. Sashe na 232 na dokar 2015 ya ba da damar sauraron shari'ar fyaɗe a keɓe, da ɓoye suna, da ba da shaida ta bayan labule ko ta bidiyo. Sashe na 234 na Dokar Shaida ya hana a tono tarihin mu'amalar mai ƙara da wasu maza sai da izinin kotu. Lauyan gwamnati ne ya kamata ya nemi a yi aiki da waɗannan tun a zaman farko. Legas ta keɓe kotu ta musamman domin irin waɗannan laifuka a 2018, kuma babu abin da ya hana babban jojin kowace jiha a Arewa ya keɓe alƙalai biyu ko uku da ranakun zama na musamman.

A nan ma harshe ya sake dawowa. Babbar Kotu da Ingilishi take rubuta bayananta, tafintan kuma galibi magatakarda ne ko wani ma'aikacin kotu da aka san yana jin Hausa. Abin da ya faɗa shi alƙali ke rubutawa, shi kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli za su karanta bayan shekaru, ba tare da sun taɓa jin muryar yarinyar ba. An yi aikin keɓaɓɓun kalmomin Hausa a fannin harshe da adabi a ƙamus ɗin da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, an kuma yi na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu a 1991. Sassan Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo suna da ƙwarewar da za su yi irin wannan ga binciken laifukan fyaɗe, tare da tsangayoyin shari'a da na likitanci: jerin kalmomin sassan jiki da na aikin, da sakayar da ake yi musu a Kananci da Sakkwatanci da Katsinanci da Zazzaganci, da bayanin inda kowace ke da harshen damo, da tambayar da ta dace ta biyo bayanta. Daga wannan jeri za a iya fitar da fom ɗin ɗaukar bayani mai shafi biyu, Hausa a dama, fassara a hagu, da gurbin sunan tafinta da sa hannunsa a ƙasa, sannan a shigar da shi cikin darussan kwalejojin 'yan sanda na Kaduna da Maiduguri da makarantar horar da manyan jami'ai ta Wudil.